Yadda za ki riƙe gida da kanki idan ana zargin maigida ya kamu da cutar mantuwa

Na yi aikin jinya fiye da shekara 30 a nan Katsina, amma ranar da wani yaro ya riƙo hannun maigidana ya kawo shi gida daga wajen Ƙofar Guga, alhali masallacin bayan gidanmu ya fita sallar la'asar, duk abin da na sani sai da ya gudu daga kaina. Daga wannan rana zuwa ranar da likita ya kira sunan cutar mun yi shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma ban taɓa shiga lokaci mai nauyi kamarsa ba. Yau ki gan shi garau yana ba da labarin hawan sallah na zamanin Sarki Usman Nagogo daki-daki, har ki ji kin zalunce shi da zato. Gobe ya tambaye ki sau biyar ko an yi azahar.

Tun daga nan na raka mata da dama asibiti a kan wannan matsala, wasu 'yan unguwarmu, wasu daga Daura da Mashi. Abin da na koya shi ne akwai aiki mai yawa da ya kamata a yi tun kafin likita ya ce e ko a'a, kuma yin aikin ne ke rage fargaba. Da mace zan yi magana don su na fi gani, amma namijin da matarsa ce ta fara rikicewa, hanyar ɗaya ce.

Kayan da za ki tanada

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Wannan shi ne babba a cikin kayan. In ba ki rubuta boko, yi da ajami. In babu ko ɗaya, ki riƙa naɗar muryarki a waya, ko ki sa ɗiyarki mai hankali ta rubuta miki.

Leda mai kauri wadda za ki zuba duk magungunan da yake sha, da babban ambulan na ajiye katin asibiti da sakamakon gwaje-gwaje.

Na'urar awon hawan jini. Idan babu halin saye, asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko kemis mai ma'aikacin lafiya zai auna masa sau ɗaya a mako.

Ɗan ƙyalle da aka rubuta sunansa da unguwa da lambar waya biyu, tela ya ɗinke shi a cikin aljihun kowace riga da yake fita da ita. Takarda tana faɗuwa, wanki kuma yana cinye ta.

Fitila mai caji, agogon bango, da kalanda mai manyan lambobi.

Sai mutum ɗaya mai riƙe sirri wanda maigidan ke jin maganarsa: ƙanensa, babban ɗansa, ko amininsa.

Ɗan abin da ya kamata ki sani tukuna

Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewa, likitoci na ce masa dimenshiya. Ba kowane tsoho ke yin sa ba. Tsoho mai lafiya yakan manta inda ya ajiye carbi, an jima ya tuna. Mai wannan cuta kuwa yakan manta an yi maganar gaba ɗaya, ya ɓata a hanyar da ya shekara 40 yana bi, lissafin kuɗi ya gagare shi, kuma abin gaba yake yi a hankali cikin watanni da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da ita sun haura miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in da ake kira Alzaima ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906. Wani nau'in da nake yawan gani a nan shi ne wanda lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa, ga masu hawan jini da ciwon suga da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki.

Babu wani gwajin jini ɗaya ko hoto ɗaya da za a yi a asibitocinmu a ce ga ta. Da labarin da iyali suka bayar, da gwajin tunani, da kawar da sauran cututtuka, da wucewar lokaci ake gane ta. Shi ya sa ake daɗewa, kuma shi ya sa ke ce rabin aikin likita.

Mataki na 1: Fara raba gaggawa da abin da zai iya jira

Tambayi kanki: yaushe abin ya fara? Idan jiya ko shekaranjiya yana lafiya lau yau ya rikice, ki ajiye zancen gigin tsufa, ki kai shi asibiti a ranar. Haka nan idan rikicewar ta zo da zazzaɓi, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko maganarsa ta sarƙe, ko jijjiga, ko yawan barcin da ba a saba ba, ko kuma ya faɗi ya bugu a kai cikin makonnin baya. Mai ciwon suga da ya rikice yana gumi yana rawar jiki, mai yiwuwa sugansa ne ya faɗi. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari, a wuce asibiti.

Wata maƙwabciyata har ta fara kuka ta ce ciwon maigidanta ya zo irin na maigidana. Da aka auna, ciwon mafitsara ne ya haɗu da maganin barci da yake saye a kemis. Mako biyu ya koma shagonsa.

Mataki na 2: Buɗe littafi

Nan zan daɗe, don nan aka fi sakaci. Kowane dare bayan isha'i ki rubuta kwanan wata, sannan abin da idonki ya gani, ba fassarar da zuciyarki ta yi masa ba. Kada ki rubuta "yau ya rikice sosai". Rubuta kamar haka: "Talata, bayan magariba. Ya yi alwala sau uku a jere. Ya kira Amarya da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Tuwo ya ci rabi. Ya tashi ƙarfe biyun dare ya ce zai tafi gona." Layi huɗu sun isa.

Abubuwan da za ki sa wa ido: maimaita tambaya, ɓata hanya, kuskuren kuɗi, rikicewar raka'o'in sallah, neman kalma ya rasa, sanya riga a bai-bai, barci, cin abinci, fitsari da bayan gida, faɗuwa, canjin hali kamar zargi ko faɗa ko rashin kunya da ba a san shi da shi ba, da ganin mutane ko dabbobin da babu su. Rubuta awon jininsa a gefe. Ranar da ya tashi garau ita ma ki rubuta ta, domin hawa da saukar abin bayani ne ga likita.

A shafin farko ki zauna ki yi tunanin baya. Mene ne abu na farko da ya ba ki mamaki, kuma a wane lokaci? Idan wata ya ɓace miki, haɗa shi da abin da ba a mantawa: kafin azumin bara, lokacin bikin wance, da kaka. Ni sai da na yi haka na gane cewa tun shekara biyu kafin ɓatansa ya daina karanta wasiƙun da maƙwabta ke kawo masa, yana cewa tabarau ne.

Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko, rubutu a gabansa ko barin littafin inda zai gani. Zai ji kamar ana haɗa masa shaida, aminci ya lalace. Na biyu, mayar da shi ɗan makaranta: "Wane ne wannan? Yau wace rana? Me ka ci da safe?" Na yi wannan kuskuren da kaina. Wata rana na nuna masa jikansa na ce ya faɗi sunansa. Ya dube ni ya dubi yaron, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, me na yi miki?" Ban ƙara ba. Jarrabawa aikin likita ce.

Mako huɗu zuwa shida na rubutu sun isa a tafi da su. In abin na gudu, kada ki jira su cika.

Mataki na 3: Tattara magunguna

Duba aljihu, ƙarƙashin matashi, cikin mota, shago. Na asibiti, na kemis, na gargajiya, har jiƙo da garin da wani ya kawo, duk a leda ɗaya. Magungunan barci irin su diyazafam, da wasu magungunan kamar firiton, kodin da taramadol, suna iya rikita tsoho. Metfomin na masu suga, idan an daɗe ana sha, yana rage sinadarin B12 a jiki, ƙarancinsa kuma na kawo mantuwa. Amma kada ki tsayar da kowane magani da kanki, musamman na barci da na hawan jini. Yanke su farat ɗaya na da haɗari. Daga yau dai ke ce mai ba shi magani da hannunki, don mai mantuwa yakan sha sau biyu ko ya ƙi sha sam.

Mataki na 4: Kai shi asibiti ba tare da an ci masa fuska ba

Dattijon Bahaushe ba zai bi ki ba idan kika ce ƙwaƙwalwarsa za a duba. Ba ƙarya za ki yi masa ba, ƙofar da ta fi sauƙi za ki bi: "Alhaji, an kwana biyu ba a duba jininka ba, ga barcin nan da ba ka samu. Mu je a duba mu gaba ɗaya, ni ma a auna ni." In ya ƙi, amintaccen nan naki ya yi maganar. Sau da yawa abin da mata ta faɗa sau goma aka ƙi, amini na faɗa sau ɗaya an ɗauki hula.

Fara da sashen ganin likita na yau da kullum a babban asibiti. A Katsina akwai Babban Asibitin gwamnatin jiha da Asibitin Koyarwa na Tarayya, na Daura kuma su fara da babban asibitin garin. Daga nan likita zai tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa ko na jijiyoyi. Wani lokaci turawar kan kai har Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Kada sunan sashen ya tsorata ki, ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka.

Ku tafi da sassafe, lokacin da kansa ya fi washewa. Riƙe ruwa, ɗan abin taɓawa, tabaransa, da wando na canji. Ku je ku biyu, ɗaya na bin layin kati ɗaya na zaune da shi.

Mataki na 5: A gaban likita

Kafin ranar, ki taƙaita littafin a shafi ɗaya: yaushe ya fara, me ya daina iyawa, me ya fi damun ki, waɗanne cututtuka yake da su. Miƙa wa likita takardar da hannu, ko ki roƙi minti biyar ke kaɗai. Kada ki zayyana kurakuransa yana zaune. Mutum ne mai girma a gidansa, kuma yana ji.

Likita zai yi masa tambayoyi: ya riƙe kalmomi kaɗan ya maimaita an jima, ya faɗi rana da wuri, ya lissafo sunayen dabbobi, wani lokaci ya zana agogo. Ki yi shiru, kada ki raɗa masa amsa ko da tausayi ya kama ki. Amma ki gaya wa likita tun farko idan bai yi boko ba, ko kunnensa ya yi nauyi, ko idonsa ba ya gani sosai, domin wasu gwaje-gwajen don masu karatun boko aka tsara su, kuma akwai waɗanda aka yi domin wanda bai yi ba. Ki nemi a yi masa da Hausa.

Gwaje-gwajen da aka saba nema su ne na yawan jini, suga, ƙoda da gishirin jiki, fitsari, aikin maƙoƙo, da B12, wani lokaci da na ƙanjamau da tunjere. Kada ranki ya ɓaci a kan na ƙarshen, ƙa'idar aiki ce. Ana iya neman hoton ƙwaƙwalwa don a ga ko akwai taruwar jini, ƙari, ruwa, ko alamar shanyewa. Idan kuɗin bai kai ba, faɗa wa likita kai tsaye, ki ce ya jera miki su daga mafi muhimmanci. Ki kuma ambata masa idan maigidan ya shiga ƙunci bayan ritaya, karayar arziki ko rasuwar wani, don ciwon damuwa kan yi kama da cutar mantuwa, kuma shi yana jin magani.

Kada ki fito sai kin tambayi abu huɗu: me ake zato, me aka kawar, yaushe za mu dawo, wace alama ce za ta sa mu dawo kafin ranar. In an rubuta masa maganin donefezil ko memantin, ki sani ba sa warkarwa, sukan dai sassauta alamomin ga wasu na wani lokaci. Wanda kuma ke ganin mutanen da babu su, kada a kuskura a saya masa maganin masu taɓin hankali a kemis, akwai nau'in cutar da irin wannan magani ke yi wa mummunar illa.

Mataki na 6: Idan an ce a dawo bayan wata shida

Wannan amsa ce ke karya gwiwa, ita ce kuma aka fi samu. Ki yi amfani da watannin ki gyara abubuwan da ko cutar ce ko ba ita ba gyaransu alheri ne.

Tuƙi: in ya taɓa ɓata hanya ko ya yi kuskure a titi, a raba shi da makullin mota ko babur cikin dabara. Yaro ya riƙa kai shi, a ce girmamawa ce, kuma girmamawar ce.

Fita: kada a kulle shi, zaman ɗaki na ƙara rikita shi. Ya ci gaba da zuwa masallaci da majalisa da ɗan rakiya. Ki sanar da liman da mai shayin bakin layi da maƙwabta biyu. Ɗauki hotonsa na kwanan nan a waya. Da dare a sa sakata a sama inda ido bai saba kai wa ba, ko a rataya ƙararrawa a ƙofa. Rijiya a rufe ta, a kashe tukunyar gas daga kanta, a ɗauke fiya-fiya da kalanzir da maganin ɓera, a bar fitila a hanyar bayi.

Dukiya: a nan gidaje ke watsewa. Tun yana da sauran ganewa, a ranar da ya tashi garau, ya zauna da manyan 'ya'yansa da shaidu biyu a rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, gonaki, filaye, amanar mutane da ke hannunsa, da inda takardu suke. In ɗan fansho ne, a san ranakun tantancewa. Zancen wakilci a banki ko sayar da kadara, a nemi lauya ko alƙali. Ke kada ki riƙe katin cirar kuɗinsa ke kaɗai a ɓoye, ko da niyyarki fara ce, zargi zai biyo baya. Ki bar masa 'yan canji a aljihu. Namijin da ya saba ba da cefane, in ya laluba ya ji wayam, ransa na ɓaci.

Mataki na 7: Zama da shi yau da gobe

Kada ki yi musu. In ya ce an sace masa kuɗi, ce masa "bari mu duba tare", galibi suna ƙarƙashin darduma. In ya tambayi mahaifiyarsa da ta rasu, ba sai kin sake yi masa sabuwar ta'aziyya ba, ce masa "ka tuna Inna ke nan, ba ni labarinta". Magana ɗaya a lokaci ɗaya, kina fuskantarsa. Abinci, wanka da barci su tsaya a kan lokutan sallah, don su ne agogon da ya fi zama a kansa. Da yawa sun fi rikicewa daga la'asar sakaliya zuwa magariba, saboda haka kunna fitila da wuri, a rage hayaniyar yara da baƙi. Lokacin zafin bazara ki matsa masa da ruwa, ƙishirwa kaɗai na iya birkita shi.

In ya rikita raka'o'i, wani ya ja shi sallah, kada a yi masa dariya ko gyara da tsawa. Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70, kuma sananne ne a addini cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Zancen azumi ki haɗa likita da malami. Idan kuma ya furta saki cikin rikicewa, kada ki tattara kaya, kada kuma ki yanke hukunci da kanki. Je wajen malami masani ko alƙali da littafinki da takardun asibiti.

Mataki na 8: Dangi da zancen asiri

Za a ce sammu ne, za a ce jifa ne, in yana yawan fita a ce kurciya aka yi masa. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, yatsa kan nufi kishiya, wani lokaci ke kanki. Maganin wannan shi ne ki tafi asibiti da ɗaya daga cikin masu faɗa a ji na danginsa, ya ji da kunnensa. Abokiyar zamanki kuma ki jawo ta, ku riƙa rubutu a littafi ɗaya, kowa ranar girkinta. In canjin ɗaki na rikita shi, ku yi shawara ya zauna a turakarsa ku riƙa zuwa.

Addu'a da karatun Alƙur'ani ba su hana asibiti, ni ma ban taɓa bari ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ɗaure shi, ko dukansa da sunan fitar da iska, ko turnuƙe shi da hayaƙi, ko ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ko sayar da gona a kai wa mai cewa zai warkar da shi cikin kwana bakwai.

Mataki na 9: Ke kuma fa

Na ga matan da suka riga majinyacin kwanciya. Ki raba kwana da wani ko da sau biyu ne a mako, don ki samu barci. 'Ya'ya kada ki ce musu "ku taimaka" kawai, ba kowa aikinsa da suna: wane kuɗin magani, wane kai shi masallacin Juma'a, wance wanki. Na nesa su turo kuɗi su kuma kira shi a waya. Ki auna naki jinin duk ranar da aka auna nasa. Kada ki bar islamiyya ko sana'arki gaba ɗaya. Za ki yi fushi, wata rana har ki ɗaga masa murya, ki koma ɗaki ki yi kuka. Ni ma na yi. Fita tsakar gida, sha ruwa, yi alwala, ki dawo. Amma in kika ga barci ya ƙaurace miki makonni, abinci ya fita ranki, ko kina jin gara ki mutu, ke ma ki ga likita a wannan makon.

Tunanin abin da zai faru nan da shekara biyar shi ke cin mutum da dare. Abin da ya taimake ni shi ne duk tambayar da ta hana ni barci sai in rubuta ta a shafin ƙarshe na littafin, in bar ta can har ranar asibiti.

Mataki na 10: Ranar komawa

Kwana biyu kafin ranar, karanta littafin daga farko, ki fitar da abu uku: abin da yake iyawa wancan zuwan yanzu ba ya iyawa, abin da bai canza ba, da abin da ya gyaru. Ɗauki ledar magani da ambulan da tambayoyin shafin ƙarshe. Ki roƙi a sake masa irin gwajin tunanin da aka yi da farko don a gwama makin biyu, ki kuma rubuta makin a littafinki, saboda ba lalle ne ku tarar da likitan da kuka gani da farko ba. Idan an sake cewa a jira alhali ke kina ganin abin na gaba, ki nemi takardar turawa zuwa ga ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ko na jijiyoyi, kuma kafin ku bar asibitin ki tambayi ranar da yake zama.